Tanti, Boti ko Masauki: Ina Za Ka Kwana a Duwatsun Sikotlan?

Duk ɗan ƙasarmu da karatu ko aiki ya kai Glasgow, Edinburgh, Aberdeen ko Dundee, ba ya daɗewa bai ji ana zancen Highlands ba, wato yankin duwatsun arewacin Sikotlan. Wasu motar yawon buɗe ido suke shiga, a tsaya da su a kwarin Glencoe su ɗauki hoto, kafin dare sun dawo gida. Akwai kuma waɗanda ransu ke son abin da ya wuce haka: su goya kaya, su yini suna tafiya a ƙafa, dare ya riske su a tsakanin duwatsu, su kwana can. Da su nake magana. Wurin kwana iri uku ne a gabansu. Ko mutum ya ɗauki tantinsa ya kafa inda ya ga ya dace, ko ya nufi ɗaya daga cikin tsofaffin ɗakunan dutse da ake bari a buɗe, waɗanda ake kira boti, ko kuwa ya biya kuɗi a masaukin matafiya ko filin kafa tanti. Ra'ayina tun daga farko shi ne tanti ya fi dacewa da yawancinmu, amma kada a fara da shi a daren farko a cikin daji, kuma kada a taɓa nufar boti ba tare da shi a cikin jaka ba.

Kafin a kai ga dalili, sai a san irin ƙasar da za a shiga, domin tsayin duwatsun yana yaudarar mutum. Ben Nevis, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Birtaniya, mita 1,345 ne kacal. Garin Jos kansa yana kan tudun da ya kai wajen mita 1,200, Chappal Waddi na Taraba kuwa mita 2,419 ne. Wanda ya duba lissafi kawai sai ya raina abin. Sai dai Sikotlan tana can arewa sosai, kuma iskar tekun Atlantika ce ke dukanta kai tsaye, ɗauke da ruwa. A kan dutsen Cairn Gorm an taɓa auna iska mai gudun mil 173 a awa a watan Maris na 1986. A garin Braemar da ke gindin waɗannan duwatsu sanyi ya sauka har digiri 27.2 ƙasa da sifili a 1982. Ko a watan Yuli, duk mita 1,000 da ka hau zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6, kuma rana mai haske tana iya rikiɗewa zuwa hazo da ruwa kafin ka gama cin abincin rana. Abin da ke kayar da mutane a can shi ne jiƙa da iska idan suka haɗu. Saboda haka wurin kwana tambaya ce ta tsira kafin ta zama ta jin daɗi.

Mu fara da tanti, tunda shi ne doka ta fi yi wa gata. A 2003 majalisar Sikotlan ta yi dokar gyaran mallakar ƙasa da ta bai wa kowa damar ratsa yawancin filaye da duwatsu, har ya kwana a cikinsu, ko da kuwa na wani attajiri ne. Dokar ta fara aiki a 2005 tare da ƙa'idojinta, kuma ba ta tambayar ko kai ɗan ƙasa ne ko baƙo. Sharuɗɗan ba su da wuya: ku kasance 'yan kaɗan, kayanku marasa yawa, kada ku wuce kwana biyu ko uku a wuri ɗaya, ku nisanci gidajen mutane da gonaki da shingen dabbobi, ku kwashe duk sharar da kuka yi. Wanda zai kewaya ya yi nesa da ruwa da aƙalla mita 30, ya tona rami ya binne. Wuri guda da ya kamata a kiyaye shi ne wasu gaɓoɓin tafkuna a gandun Loch Lomond da Trossachs, inda tun 2017 ake bukatar takardar izini daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Satumba. Ana sayenta ta intanet, kuɗinta kaɗan ne.

Wanda ke zaune a Manchester ko Birmingham ya lura: wannan 'yanci bai tsallaka iyaka ba. A Ingila da Wales sai da yardar mai ƙasa, ban da wasu sassan tudun Dartmoor a kudu maso yammacin Ingila, inda kotun ƙoli ta tabbatar da haƙƙin kafa tanti a watan Mayun 2025. A yankin Lake District an saba kawar da kai ga wanda ya hau can sama, ya kafa da yamma ya tashi da sassafe, amma wannan al'ada ce, doka ba ta ba shi ba.

Abin da ya sa nake fifita tanti shi ne sirri da ikon kai. Kai ke zaɓar lokacin tsayawa. In ƙafa ta gaji ko sama ta haɗe da ƙarfe huɗu, ɗakinka yana bayanka, ba sai ka ƙara tafiyar kilomita biyar a cikin ruwa ba. Za ka yi alwala a ƙorama, ka duba kamfas ka fuskanci kudu maso gabas, ka yi sallarka ba tare da ka tsallake ƙafar kowa ba. Da asuba babu wanda za ka tasa daga barci. Miji da mata, ko ƙawaye biyu da ke son su cire hijabi su sake jiki, babu abin da zai ba su wannan kamar tanti.

Kuɗinsa kuwa nauyi ne da ƙwarewa. Tanti mai ɗaukar mutum biyu wanda zai jure iska yakan kai kilo biyu ko sama da haka. Ka ƙara jakar barci, da shimfiɗar da ke raba ka da sanyin ƙasa, da ƙaramin murhun gas, da tukunya, da abinci, da kayan canji, sai ka ga jakar goyo ta doshi kilo 12 zuwa 15. A kan hanya mai laka da hawa, wannan nauyi yana rage maka tafiya sosai. Tantin arha irin wanda ake sayarwa don taron shaƙatawa, mai ƙyalle ɗaya, bai dace da nan ba ko kaɗan. Numfashinka kaɗai zai jiƙa shi daga ciki, iska kuma ta karya sandunansa. Sai mai rufi biyu. Sannan samun wurin kafawa ma ilimi ne. Filin da ya yi kore shar daga nesa sau da yawa fadama ce da za ta haɗiye takalmi. Ana neman busasshiyar ciyawa a ɗan tudu, kusa da ruwa amma sama da inda zai iya kaiwa in ƙorama ta cika cikin dare, a bayan wani abu da zai tare iska. Wuta kuma a haƙura da ita. Ƙasar wuraren ruɓaɓɓen ciyayi ne da ya taru shekaru dubbai, in ta kama tana ci ta ƙarƙashi kwana da kwanaki.

Akwai kuma maƙiyin mai tanti na musamman, wasu ƙananan ƙwari masu cizo da ake kira mijis. Daga ƙarshen Mayu zuwa Satumba suke fitowa, sun fi tsanani a Yuli da Agusta, a yammacin ƙasar, da safe da yamma, idan iska ta kwanta. Ba sa sa zazzaɓi, amma dubbai suke zuwa, kuma ƙanƙantarsu ta kai su ratsa gidan sauro na yau da kullum. Sai da ragar fuska mai ƙananan idanu da man shafawa. Iska kaɗan tana korarsu, shi ya sa a waɗannan watanni mutum ke neman wuri mai ɗan kaɗawa maimakon lungu. Kaska ma tana nan a cikin ciyawa, musamman inda barewa da tumaki ke kiwo, kuma tana iya ɗauke da cutar Laim. Kowane dare a duba jiki, a cire ta da ɗan maƙatan da ake sayarwa a kantin magani, in kuma jan zobe ya fito a wurin cizon a je wa likita.

Boti labarinsa daban. Yawancinsu gidajen makiyaya ne da masu gadin farauta da aka bari bayan mutane sun tashi daga kwaruruka. Tun 1965 ƙungiyar Mountain Bothies Association, wadda 'yan sa kai ke tafiyar da ita, take gyara kusan guda 100 da yardar masu ƙasa, mafi yawansu a Sikotlan. Ba a kulle su, ba a biyan ko sisi, ba a kama wuri tun daga gida. Ka tura ƙofa ka shiga. Abin da za ka tarar bango ne na dutse, da rufi, da dandamalin katako na kwanciya, wani lokaci da murhun itace. Babu lantarki, babu famfo, babu katifa, kuma a yawancinsu babu makewayi, sai shebur a jingine a bayan ƙofa. Ke nan duk abin da mai tanti ke ɗauka kai ma sai ka ɗauka, har da makamashi in kana son jin ɗumi, domin sare itacen da ke tsaye haramun ne a ƙa'idarsu.

Ba zan rage wa boti daraja ba. A daren da ruwa ke zuba iska na kaɗawa, bango mai kauri ni'ima ce babba. Za ka miƙe tsaye, ka rataye jiƙaƙƙun kaya, ka dafa shayi a kan teburi, mijis kuma suna waje. Mutanen da ake haɗuwa da su a can galibi masu karamci ne, al'adarsu ita ce ba a cewa ɗaki ya cika, ana matsawa a ba wanda ya iso wuri. Daga bakinsu za ka ji wace gada ruwa ya tafi da ita, wace hanya ce ta fi sauƙi gobe.

Amma ga abin da ba a cika gaya wa irinmu ba. Boti ɗaki ne na kowa. Maza da mata wuri ɗaya suke kwana, kafaɗa da kafaɗa in an cika. Wasu da karnukansu suke zuwa. Shan wuski a bakin wuta da dare tsohuwar al'ada ce a can, kuma za a miƙo maka da kyakkyawar niyya. Ka ce ba ka sha, ba wanda zai matsa, amma dai a cikin zaman za ka kwana. A boti da ke kusa da titi, ranakun Juma'a da Asabar, wani lokaci taron masu shagali ake tararwa har tsakar dare. Ba ka da hanyar sanin wa za ka samu sai ka buɗe ƙofa. 'Yar'uwa da ke tafiya ita kaɗai ko da ƙawarta, ki auna wannan tun kina gida. Ga ɓeraye, sai an rataye abinci. Ƙa'idar ƙungiyar ta ce ayarin da ya kai mutum shida ko fiye kada ya sauka, don haka ƙungiyar ɗalibai da ta fito da mutum goma ba wurinta ba ne. Wasu kuma ana taƙaita shigarsu a lokacin farautar barewa, musamman daga Agusta zuwa Oktoba, ko lokacin haihuwar tumaki. A duba shafin ƙungiyar kafin a tashi.

Haɗarin boti mafi girma yana cikin zuciyar mai tafiya: ya sa a ransa cewa akwai ɗaki a gaba, sai ya bar tanti a gida don rage nauyi. A watan Nuwamba na 1971 wani ayarin 'yan makaranta daga Edinburgh ya hau tudun Cairngorm, guguwar dusar ƙanƙara ta rufe su, suka nufi wata 'yar mafaka da ke can sama ba su iske ta ba. Ɗalibai 5 da mataimakiyar jagorarsu suka rasu. Bayan wannan musiba aka rushe mafakun da ke saman tudun, saboda an ga suna jan mutane su ci gaba a lokacin da ya kamata su juya. Ko a watannin zafi darasin bai canza ba. Ƙoramar da aka tsallake da safe tana iya zama kogi da yamma ta tare hanya, hazo yana iya ɓoye ginin da ke nesa da kai da taku ɗari, ko ka iso ka tarar da abin da ba za ka iya kwana a cikinsa ba. In tanti yana bayanka, duk waɗannan ƙaramar damuwa ce. Ka kafa a gefen ginin, ka shiga ka gaisa ka sha ɗumi, ka koma ɗakinka.

Wanda ke son ɗanɗana boti cikin sauƙi, Ryvoan ya fi. Jirgin ƙasa zai sauke ka a Aviemore, bas ta kai ka Glenmore, daga nan tafiyar kamar awa ɗaya ce a kan hanya mai kyau, ta gefen wani ɗan tafki mai koren ruwa. Ɗaki ɗaya ne, kuma saboda kusancinsa yana cika da wuri. In bai yi maka ba, komawa ba wuya. Su boti na Shenavall da ke gindin dutsen An Teallach, ko boti na Corrour a tsakiyar mashigin Lairig Ghru, a bar su sai ƙafa ta saba.

Na uku shi ne biyan kuɗi, kuma kada wani ya sa ka ji kamar wannan kasawa ce. Ƙungiyar masaukan matafiya ta Hostelling Scotland, wadda aka kafa a 1931, tana da masaukai a wurare da ko mai tanti zai yi sha'awa. Wanda na fi so a ba sabon shiga shawara a kai shi ne na Loch Ossian. Jirgin ƙasa na West Highland yana tashi daga tashar Queen Street a Glasgow, ya ratsa dajin Rannoch, cikin kamar awa uku ya tsaya a Corrour, tashar da ta fi kowace tasha ta babban layin dogo tsayi a Birtaniya, mita 408, wadda titin mota na jama'a bai isa gare ta ba. Kada a rikita ta da boti mai wannan suna, suna da nisa sosai da juna. Daga tashar tafiyar kamar minti ashirin ce zuwa masaukin a bakin tafki. Akwai gado, akwai ɗumi, akwai ɗakin girki, akwai mai kula da wurin wanda ya san duwatsun. Babu kanti, abincinka za ka kawo. Ka ajiye kaya, ka zaga tafkin ko ka hau ɗaya daga cikin duwatsun da ƙaramar jaka, ka dawo ka busar da takalmi. Daga Landan ma jirgin dare na Caledonian Sleeper da ke zuwa Fort William yana tsayawa a nan. Aibinsa dai shi ne sai an kama gado tun da wuri, ko ruwa ko rana ranar da ka biya ita ce taka, kuma jiragen kaɗan ne a yini. A tambayi tsarin ɗakunan maza da mata lokacin kama wuri.

Filin kafa tanti na kuɗi, irin na Glen Nevis kusa da Fort William ko na Glenmore, shi ne makarantar mai tanti. A nan za ka gane ko jakar barcinka ta isa, ko murhunka yana kamawa a iska, ko ka iya ɗaure igiyoyi, alhali ga wanka da ruwan zafi da makewayi a kusa. Ga wanda tsarki da ruwa ya zame masa dole, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. In dare ya ɓaci, gari yana kusa. Hanyar West Highland Way, mai kilomita 154 daga Milngavie kusa da Glasgow zuwa Fort William, tana da irin waɗannan filaye da masaukai da boti biyu a gaɓar Loch Lomond, don haka ana iya yankar kwana biyu daga cikinta a gwada kowane iri.

Batun kuɗi yana da ɗan ruɗi. Boti da tanti kyauta ne a daren, amma kayansu ne ke cin aljihu, kuma mai zuwa boti bai tsira daga sayen komai ba. Wanda zai fita sau ɗaya ko biyu a shekara, masauki ya fi masa arha. Ɗalibi ya fara leƙa ƙungiyar hawan dutse ta jami'arsa, da yawa suna ba da aron tanti da jaka. Ƙungiyoyi irin su Muslim Hikers, da Boots and Beards a Glasgow, suna shirya fita ta yini, a nan ake samun abokan tafiya da ba sai an yi musu bayanin tsayawa salla ba. Abin da bai kamata a yi wa rowa ba shi ne rigar ruwa da wandonta, da takalmi mai riƙe idon sawu. Auduga kuma a bar ta a gida, da wandon jins da singileti, domin in ta jiƙe ba ta bushewa, zafin jiki take zuƙewa. Ulu ko yadin roba ake sawa a jiki, a ajiye busassun kaya guda a leda don barci kawai.

Watan da za a fita ma yana yanke hukunci. Mayu da farkon Yuni sun fi dacewa da tanti: yini dogo, ƙwari ba su yi yawa ba, ko da yake dare yana da sanyi. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma, ta fito wajen huɗu da rabi, shafaƙi kuma ba ya ɓacewa gaba ɗaya, don haka a ɗauki jadawalin isha da asuba daga masallacin da ake bi, a kuma tambayi malam hukuncin ƙasaru da haɗa salla da shafa a kan huffi kafin a fita. Yuli da Agusta, in a yamma ne, bango ya fi ƙyalle saboda mijis. Daga Nuwamba zuwa Afrilu kuwa, sabon shiga ya tsaya a masauki da hanyoyin ƙasa-ƙasa. A Disamba kafin ƙarfe huɗu duhu ya shiga, saman duwatsun kuma aikin masu gatarin ƙanƙara ne da horo.

Abinci bai bambanta sosai tsakanin ukun ba, sai dai mai masauki yana iya girki na sosai. Mai goyo ya nemi mara nauyi: garin kwaki da madarar gari da sukari ba ya bukatar wuta, ga dabino, gyaɗa, ƙuliƙuli, taliyar Indomie, kifin gwangwani, shayi. Kilishi ya dace ƙwarai, amma a saya a shagunan Birtaniya, domin doka ta hana shigo da nama a cikin kaya daga Najeriya ko Nijar. Ruwan ƙorama a ɗebo daga sama da inda mutane ke kwana, a tafasa ko a tace.

In ka tambaye ni tsari, ga shi. Daren farko a masauki, Loch Ossian ko Glen Nevis, don ka san ƙasar da yanayinta. Na biyu a filin kuɗi da tantin aro. Na uku a cikin daji, tare da wanda ya taɓa yi, a wurin da bai fi awa biyu daga tasha ko titi ba. Boti ya biyo baya, a tsakiyar mako, da tanti a jaka. Mai iyali da ƙananan yara ya tsaya a mataki na ɗaya da na biyu, sun ishe shi shekaru.

Ko wanne ka zaɓa, ka duba hasashen yanayin duwatsu na shafin MWIS ko na Met Office, hukumar yanayi ta Birtaniya, daren da za ka tashi, domin na cikin gari ba ya faɗin abin da ke sama, kuma in ya nuna iska mai ƙarfi ka ɗaga tafiyar. Ka riƙe taswirar takarda ta Ordnance Survey, hukumar taswirar Birtaniya, da kamfas da tocilan ta goshi, saboda sanyi yana cinye batirin waya, sabis kuma yana ɗaukewa a kwaruruka. Ka bar wa wani a gida sunan hanyar da za ka bi da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ka. Idan abu ya faru, 999 ake kira, a nemi 'yan sanda, sannan a ce masu ceto na dutse. 'Yan sa kai ne kuma ba a biyansu, don haka kada tsoron kuɗi ya sa ka jinkirta kira. Tun kana gida ka aika kalmar register a saƙon tes zuwa 999 ka bi umarnin da za a turo, domin a inda kira ba ya shiga, wani lokaci tes yana fita.